Tokuji Bakanike da Zagayen Tsibirin Kunkuru

Tokuji Hamaoka ya yi shekara hamsin ba ɗaya yana gyaran injin jiragen kamun kifi a tsibirinmu, amma in ka tambaye shi abin da ya sani game da teku, sai ya ce maka wani ruwa ne da ake zuƙa a sanyaya inji da shi. Da bakinsa yake faɗa, kuma ya riga ka dariya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcensa baƙi ƙirin ko ranar biki, kunnen hagu kuwa tuni ƙarar inji ta cinye shi. Wai shi bai yi asarar komai ba, don da tafin ƙafa yake jin inji. Ya tsaya a cikin jirginka minti ɗaya, zai gaya maka watan da ka yi juyen baƙin mai na ƙarshe, da ƙaryar da ka shirya yi masa a kai. Mu masu jirage muna jin haushinsa, kuma ba mu da wurin zuwa sai wurinsa.

Ta hanyar inji ma ya sami mata. Yana da shekara ashirin da ɗaya, tsoho Isaburo Okino ya kira shi ya sa wa jirginsa inji. Isaburo shi ne na ƙarshe a kwatarmu da ke fita su da iska, da doguwar sanda a tsakiyar jirgi da babban zane a jikinta. Ba shi da ɗa namiji, don haka 'yarsa Fusae ce ke riƙe masa sandar tuƙi tun tana shekara tara. Tokuji ya zo ya zaunar da inji, ya ga doguwar sandar nan ta tare masa hanyar bututun hayaƙi, ya ɗauko zarto ya yanke ta daga gindi. Fusae ta kawo shayi, ta tsaya da faranti a hannu tana kallo har sandar ta faɗi. Gogan naku ya ɗauka damtsensa take kallo, har ya ƙara nannaɗe hannun riga. Bayan shekara uku aka ɗaura musu aure, kuma ya ci gaba da wannan zato shekara arba'in da huɗu.

Ba a taɓa jin kansu ba. Shi ya kira ta da "Ke", ita ta kira shi Baban Ritsuko, da sunan 'yarsu tilo da ke aure a Mihara, can tsallake. Ya fita da safe, ya dawo da yamma yana warin man gas, ta zuba masa shinkafa da gasasshen kifi, ya ci yana ba ta labarin fanfon ruwan wani da ya toshe. Ita kuma tana aikin tsinkar lemo a gonakin tudu lokacin kaka, sauran shekara tana gida.

Da Tokuji ya ajiye aiki, wani likitan haƙori daga Hiroshima, wanda ya daɗe yana ajiye ɗan jirginsa na shaƙatawa a kwatarmu, gwiwoyinsa suka gaza, ya bar wa Tokuji jirgin kyauta. Hibari sunansa, fari, siriri, irin mai tafiya da iska, yana da zane biyu, babba da na goshi. A cikinsa kuma akwai ɗan inji mai silinda ɗaya, wanda aka sa don shiga kwata da fita kawai. To, ai kun san inda zuciyar Tokuji ta faɗa. Ya kwance injin nan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya goge, ya mayar, har yana yi masa magana. Zannuwan kuwa suna cikin buhunansu a ƙarƙashin benci, shekara uku bai buɗe bakin buhun ba. Duk Lahadi sai ka ji fat-fat-fat, Hibari ya fita da sandarsa tsirara, tawul ɗin Tokuji na bushewa a jikin igiya. Muka sa masa suna Shanyar Toku. Fusae takan bi shi da dunƙulen shinkafa da filas ɗin shayi, ta zauna a baya, kanta a ɗage tana kallon sandar. Shi ya ɗauka wuyanta ke ciwo, har ya saya mata man shafawa.

Sai ƙodarta ta gaza. Aka ce wankin ƙoda sau uku a mako, a asibitin tsallake, jirgin fito kuma an rage masa sawu, mutum ya tafi da safe sai yamma liƙis. Wata huɗu ta yi tana wannan jigila har ta fara tafiya tana dafa bango. Ritsuko ta nemo musu ɗaki a bene kusa da asibitin, ta ce ƙarshen Oktoba za su tashi gaba ɗaya, kuma da muryar da ba a musu da ita ta faɗa.

Saura mako biyu da 'yan kwanaki, suna cin abincin yamma, Fusae ta ajiye tsinken cin abinci ta ce tana so ta zagaya Kunkuru kafin su tafi. Kunkuru wani ɗan tsibiri ne da ba kowa a kansa, daura da bakin kwatarmu. Tokuji ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, minti hamsin ne, ranar Lahadi sai su je. Ta ce ban da inji. Daga ƙwallon da ake ɗaure jirgi a tsakiyar kwata, a zagayo, a dawo ƙwallon, da iska kaɗai, yadda mahaifinta yake yi. Ya yi dariya, ya fara yi mata bayanin cewa injin nan ba ya shan mai, kuma ƙararsa ba ta kai ta keken ɗinki ba.

Ta ce, "Baban Ritsuko, ka yanke sandar jirgin Baba ina tsaye. Wannan kuma ka bar ta shekara uku tana shanya tawul."

Nan take ya gane abin da take kallo ranar nan da faranti a hannu. Ya ji kunya, ya ji tausayin kansa, ya kuma ji haushin damtsensa. Ya ce mata to, za a yi.

Lahadi biyu ke gare shi, don ranar Lahadi ce kaɗai Fusae take da ɗan ƙarfi, washegarin wankin ƙoda.

Ta farko minti bakwai ta yi. Sun fita kwata da inji, wai a gwada tukuna, ya ɗaga babban zane da ƙyar yana haki, ya kashe inji. Jirgi ya ɗan kwanta gefe ya kama tafiya, shiru. To, a wurin bakanike shiru yana nufin abu ɗaya ne, wato wani abu ya lalace. Tafin ƙafarsa ya laluba katako bai ji komai ba, gumi ya keto masa. Ya ce shi bai san lokacin da hannunsa ya kai ga makulli ba, ya dai ji fat-fat-fat, ya ji ransa ya dawo. Fusae ta ninke ƙyallen abinci, ta sa a jaka, ta kalli ruwa har suka koma. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Talata ya fita shi kaɗai ya koya, ya bar makulli a gida don kada Shaiɗan ya ja hannunsa. Iska ta ɗan taso, zane ya yi fal-fal a kansa, ya ɗauko sukundireba ya haɗa waya biyu, inji ya tashi. Ranar Alhamis ya bar sukundireba, ya cire batir ya ajiye a kan kwata. Ashe likitan haƙori ya bar hannun murzawa a ƙarƙashin benci, murza uku inji ya amsa. Matsalar mutumin da ya san hanya biyar ta tayar da inji ke nan, ba ya iya ɓoye wa kansa komai. Ranar Asabar ya zauna a cikin jirgin ya daɗe, sannan ya ɗauki sifana ya kwance nozul, ɗan ƙarfen da ke fesa wa inji mai, wanda in babu shi ko wanda ya ƙera injin ba zai tashe shi ba. Ya naɗe shi a hankici ya kai wa Genzo Kurusu.

Genzo masunci ne, ajinsu ɗaya da Tokuji tun firamare, kuma shekara sittin ke nan suna zagin juna ba su gaji ba. Tokuji ya ce ya riƙe masa, ko ya zo yana kuka kada ya ba shi sai ranar Litinin. Genzo ya jujjuya hankicin ya sa a aljihu, ya ce shi kuma zai shirya igiyar ja, kuma tun yau zai share wuri a kan kanta.

Kantar nan kowa a kwata ya san ta. Al'adarmu ce, duk wanda jirginsa ya mutu a teku aka jawo shi, sai ya kawo manyan kwalabe biyu na giyar shinkafa ɗaure da juna, da sunansa rubuce a farar takarda a jiki, a ajiye a ɗakin taron masunta har sabuwar shekara, kowa ya shiga ya karanta. Tokuji ya yi rabin ƙarni yana tsayawa gaban kantar nan da hannu a baya, yana karanta sunaye da ƙarfi, yana tambayar mai sunan ko ya tuna ranar da ya ce masa ya canza matacin mai. Sunansa bai taɓa hawa ba. Mu kuwa, in gaskiya za a faɗa, mun daɗe muna jiran wannan rana, kuma labari ya gama tsibiri kafin ya isa gida.

Lahadin ƙarshe gari ya waye tas, da iska mai kyau daga arewa. Tokuji ya ce ƙarfe tara za su fita. Fusae ta tambaye shi ko ya duba ruwa. Ya leƙa ta taga ya ce ruwa na nan, ba inda ya je. Ta ce sha biyu da rabi zai fi. Ya ce ƙarfe tara mutanen kirki ke fita aiki, kuma likita ya ce kada ta kai yamma a waje. Ta dube shi, ta ci gaba da naɗe dunƙulen shinkafa, don ta daɗe da sanin cewa mijinta sai ya taɓa ƙarfe da hannunsa yake yarda yana da zafi.

Fitar ta yi kyau har abin ya ba shi tsoro. Ita ce a sandar tuƙi, ta ce ya ɗaga zane tun suna ɗaure, ya tura na goshi gefe da hannu, sannan ya saki ƙwallon. Jirgi ya juya kai a hankali, ya bi tsakanin jiragen su, ya fice ta bakin katangar da ta kare kwata daga teku kamar ya saba. Kan katangar kuwa cike da mu, wasu da kujerun ninkewa, matar mai shagon taba har da abin hangen nesa. Tokuji ya ɗaga mana hannu irin na manya. Da suka shiga mashigin da ke tsakaninmu da Kunkuru ma ya ce ta ba shi tuƙin ta huta, ya ga abin ba wuya.

Zane ya cika da iska, kumfa na tashi a goshin jirgi, ruwa na wucewa ta gefe da gudu. Ya fara lissafin yadda zai shiga ɗakin taro gobe ya tambayi Genzo wurin da ya share. Can ya waiga gaɓa don ya ga yadda suka yi nisa, sai ya ga jar ƙofar wurin ibada da ke kan dutse, wadda suka wuce ɗazu, tana gefensu. Ya sake dubawa, ta wuce su ta yi gaba. Ƙofa dai ba ta tafiya. Su ne ke komawa da baya, zane a cike, goshi na kallon Kunkuru, ruwan teku da ke janyewa yana ɗauke da su ya fi gudun jirgin. Yaro ɗan shekara goma a gidan masunta ya san mashigin nan awa shida yake gudu gabas, awa shida yamma. Tokuji ma ya taɓa sani, amma mai inji ba ya jiran ruwa, totur yake ƙarawa, kuma shekara hamsin na ƙara totur sun goge masa abin daga kai.

Abin da ya sani shi ya yi. Ya kama igiyar zane ya ja iya ƙarfinsa, ya ƙara ja, jirgi ya kwanta gefe, ya rage gudu, komawa bayan ta ƙaru. Mu a kan katanga har da masu riƙe ciki don dariya.

Fusae ta ce, "Sassauta. Ba totur ba ne."

Ruwan yana jan su ne kai tsaye zuwa tarukan da aka kafa cikin ruwa satin nan don noman ciyawar teku, aikin gida shida. Genzo ya iso da jirginsa yana kewaya su, igiya naɗe a hannu, ya ɗaga murya ya tambayi Toku ko sabon salo ne daga Hiroshima, ko kuwa ya manta wani abu ne a gida. Fusae ta matsa ta karɓi sandar tuƙi ba tare da ta nemi izini ba, ta saki igiya, ta karkata jirgin ya yanki ruwan a kaikaice maimakon ya yi kokawa da shi. Suka gota tarukan da tazarar da ba ta fi tsawon jirgin biyu ba, suka faɗa wani lungu bayan dutsen wurin ibada, inda ruwa ke kwance lumui. Ta ce ya jefa anka. Ya tambaye ta sai kuma me. Ta ce sai jira, nan mahaifinta ke jiran ruwa ya juya.

Awa uku da rabi suka yi a lungun nan, kuma Tokuji ya ce bai taɓa shan wahala irin ta ba. Hannuwansa suka rasa abin yi. Ya ɗaure sukurun murfin filas. Ya buɗe akwatin inji ya leƙa ramin nozul, ya rufe. Ya goge wani ƙarfe da ba shi da datti. Fusae ta ci rabin dunƙulen shinkafa, ta sha shayi iya layin da likita ya zana mata a kofi, ta jingina tana ba shi labari, ita da bai san tana da labari ba. Yadda mahaifinta ke rufe fuska da hula ya yi barci a nan, ya bar ta tana gadin ruwa. Yadda ta taɓa ƙin tashinsa don tana kallon wata kaguwa, suka rasa ruwan, suka ƙara awa shida, ya ƙi yi mata magana kwana biyu. Ta nuna masa ciyawar da ta maƙale a igiyar anka, ta ce in ta daina miƙewa ta rataya, lokaci ya kusa, in jirgi ya juya kai da kansa, lokaci ya yi.

Shi kuwa ƙafafunta yake kallo. Sun kumbura har bakin safa ya nutse a ciki. Ya ce gara su haƙura, ya kira Genzo, kwalba biyu ba ta kashe mutum, kuma in Ritsuko ta ji ya ajiye uwarta yini guda a kan ruwa sai ta cire masa kunnen da ya rage.

Ta ce, "Ritsuko da likitoci suna da sauran kwanakina duka. Yau ɗin nan tawa ce."

Ya koma ya zauna yana kallon ciyawa.

Wajen ƙarfe ɗaya jirgi ya juya kai. Ya jawo anka, ta kama tuƙi, kuma daga nan bai ƙara ba da shawara ba. Ta ce ja, ya ja. Ta ce saki, ya saki. Ta ce sunkuya, ya tsaya tambayar dalili, itacen ƙasan zane ya zo ya ba shi amsa a ƙeya. Ruwan da ya wulaƙanta shi da safe yanzu shi ya ɗauke su ya kai su bayan Kunkuru. Ya wuce wurin nan da inji ya fi sau ɗari, bai taɓa sanin cewa ruwa na shiga wani kogo a gindin dutsen yana fitowa da gurnani ba. Amma ba wannan ya tsaya masa a rai ba. Ya ga in za ta juya jirgi, matarsa takan ɗan fito da harshe ta gefen baki, ta runtse ido ɗaya. Shekara arba'in da huɗu yana cin abinci daura da fuskar nan bai san tana yin haka ba. Kunya ta kama shi, mai zafi, ya juya kai yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Sun zagayo. Amma dawowar iska a gaba take, sai da suka yi ta yankawa dama da hagu, kuma kowace juyawa tana cin ƙarfinta. Da farko da hannu ɗaya take tuƙi, ta koma biyu, ta koma maƙale sandar a hammata. Ƙarfe huɗu da rabi suka shigo bakin katanga, sai iska ta ɗauke ɗif. Zane ya rataya kamar wanki. Ga ƙwallon can, ja, bai fi taku ɗari biyu ba, jirgi kuwa ya tsaya cak.

Fusae ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da benci, leɓɓanta sun yi fari, numfashinta gajere. A kan katanga ba mai dariya yanzu. Genzo yana gefe, injinsa na bugawa a hankali, igiya a hannu. Tokuji ya miƙe ya ɗaga hannu zai yafito shi. Ya ce a lokacin ko kwalba ashirin ne zai saya, ya rubuta sunansa da na kakansa. Sai ya ji an ja ƙafar wandonsa.

"Zauna," in ji ta. "In rana ta faɗa bayan gonakin lemo, iska za ta sauko daga tudu."

Ya ce in ba ta sauko ba fa?

Ta ce kullum tana saukowa, shi ne bai taɓa ji ba.

Ya sauke hannun. Ya cire rigarsa ta sama ya rufa mata, ya kama sandar tuƙi, ya zauna yana kallon rana da kallon leɓɓanta, ya rasa wanda zai roƙa a cikinsu. Tsoro yake ji, tsoron cewa yana zaune yana kallon matarsa tana ƙarewa saboda taku ɗari biyu, kuma ya san in ya kira igiyar ba za ta taɓa yi masa maganar ba har abada, za ta ninke ƙyallenta ne kawai. Wani daga katanga ya yi wa Genzo alama, Genzo ya kashe injinsa. Kwatarmu ta yi shirun da ban taɓa jin ta yi ba.

Inuwar tudu ta sauko ta rufe gidaje, ta rufe kwata. Ya ji wani sanyi a bayan wuyansa da ya jiƙe da gumi. Zane ya motsa, ya kumbura kaɗan, jirgi ya fara ja, tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta wuce shi. Fusae ba ta iya tashi ba, daga ƙasa take gaya masa, idonta a kan zane. Kada ya ja. Ya bar shi. Ya nufi gefen ƙwallon, in ya zo daura da jirgin Genzo ya juya goshi cikin iska, jirgi zai ƙarasa da kansa.

Ya juya, amma ya yi gaggawa, halin mai inji da ya saba in bai kai ba ya ƙara wuta. Jirgi ya tafi, ya tafi, ya tsaya, saura kamu biyu. Ya ruga goshi da sandar ƙugiya, ya kwanta rub da ciki ya miƙa, ba ta kai ba. Iska ta fara tura su baya. Tokuji Hamaoka, ɗan shekara sittin da takwas, ya ciji igiyar goshi a baki ya faɗa ruwan Oktoba da takalminsa, ya yi iyon kare har ya rungumi ƙwallon, ya zura igiya ya ɗaure. Yana rataye a nan yana tari, ya ɗaga murya ya tambaye ta ko wannan ya shiga lissafi.

Ta ce mahaifinta da ba zai yarda ba. Ita ta yarda.

Genzo ya kawo ƙaramin kwalekwale da filafili, ya tsamo shi, suka sauko da Fusae, ya kai su matakalar kwata, bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da har yau yake cewa ya fi komai yi masa wuya a rayuwa. A gindin matakala Fusae ta gwada miƙewa, ƙafafun suka ƙi. Muka matso, Tokuji ya ce a bar masa. Ya durƙusa ya juya mata baya, ruwa na tsiyaya daga wandonsa, ta ɗora hannuwa a wuyansa. Bai taɓa goya ta ba. Ya tattara ƙarfi irin wanda yake tattarawa in zai ɗaga kan inji, ya yunƙura, saura kaɗan ya kifa, don ba nauyin da ya taras.

Duk sauran labarin nan Tokuji yana ba da shi yana dariyar kansa, har da kwaikwayon iyon. In ya zo nan ne yake tsayawa ya nemi abin sha.

Ya hau matakala da sauri, ya kama hanyar gida yana haki, yana tunanin bargo da ruwan zafi da wayar da zai buga wa Ritsuko. Kayansu na ɗaure a kwalaye a tsakar ɗaki, jibi jirgin fito. Ta sa baki a kunnensa mai ji.

"Yi a hankali, Baban Ritsuko. Ba sauri nake ba."

Daga kwata zuwa gidansu tafiyar minti biyar ce. Ya rage sauri.